An Toshe Mini Hanyar Gona da Turakun Safiyo

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da masu sauraron wannan shiri, na rubuto ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gezawa domin neman shawara a kan abin da ya hana ni barci tun bayan girbi.

Gonar da na gada daga mahaifinmu tana bayan gonar ɗan baffana, wadda ke bakin titi. Tun zamanin kakanmu akwai hanya tsakanin shingen aguwarsa da layin gamba na maƙwabcinmu, kuma ta nan muke shigar da amalanken taki da rani, mu fito da damman gero da dawa da kaka. Bara sai ɗan baffan nawa ya sayar wa wani Alhaji daga birnin Kano gonar tasa. Ba a yi wata guda ba safiyo ya zo da na'urarsa, ya auna, ya kafa turakun siminti har jikin gambar, hanyar kuma ta faɗa cikin awon baki ɗaya. Ba a kira ni ba, ba a kira mai unguwa ba, duk da cewa ni ne mai iyaka da wurin. Yanzu an zuba bulo za a ja katanga.

Na kai kuka wurin dagaci, ya ce shi ciniki kawai ya shaida, bai shaida awo ba. Alhajin kuwa, a gaskiya mutum ne mai fara'a, amma maganarsa ɗaya ce: yana da takarda, ni ba ni da ita. Dattawa uku suna raye waɗanda suka san hanyar tun suna yara, sai dai ɗan baffana ya yi gum, kuma shirunsa ya fi turakun yi mini ciwo, domin ƙanwarsa ce uwar 'ya'yana.

Malam, an faɗa mini cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin bayar da shaidar mallakar filayen karkara. Shin zanen safiyo shi kaɗai yana iya shafe hanyar da ta riga shi, ko kuwa aikinsa ya tsaya ne ga auna abin da mai sayarwa ya nuna masa? Limaminmu ya kawo hadisin da ke cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, ya kuma ambaci hukuncin hauzi na shekara 10 a mazhabar Malikiyya, wato mallakar wuri saboda daɗewar riƙe shi ba tare da an yi jayayya ba. Shin hauzi yana shafar hanyar wucewa, ko sai gida da gona?

Ina so in san inda ya dace in fara: gaban hakimi, ko sashen ƙasa na ƙaramar hukuma, ko kotun shari'a kai tsaye. Ba na son in maka surukina a gaban alƙali, amma idan aka ja katangar kafin a saurare ni, rushe ta zai yi wuya. Ga damina ta matso, takina yana jibge a ƙofar gida, amalanke ba ta da inda za ta bi.

Wassalam.

Naka mai sauraro,
wani manomi daga ƙasar Gezawa, jihar Kano.