Zuwa ga Babana, a kan zancen tukunya

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar kishiyata. Mu nan Zariya sai godiya, hunturu ne kawai ya shigo da ƙarfinsa, gwiwar nan tana yi mini tsiya da asuba.

Da hannuna na rubuta wannan, ban sa Auta ta danna maka a waya ba. Ka duba rubutun da kyau ka gaya mini ko na wadda ta rikice ne.

Labari ya iso ni, kuma kada ka wahalar da kanka neman wanda ya kawo. An ce kun zauna da ƙannenka bayan sunan gidan kawunku, kun yanke cewa bayan ƙaramar Salla za a kwashe ni zuwa Abuja a kulle sashena, wai gigin tsufa ya fara taɓa ni. Duk a kan tukunyar wake ɗaya. E, ta ƙone. Na ɗora ta, na shiga ɗaki ina ƙirgen layin wata hula, sai da hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Ɗan maigidana na wajen Auta har yana tsalle yana cewa "Baba na ɗaka, gemu na waje", don a daren jiya na koya masa ita. Ina da shekara 30 ma na ƙona tukunya, ranar da ka yi abin da ka yi a gidan kan kwana, ba wanda ya ce na rikice.

Tun Nuwamba na saƙa hulunan jarirai 14 da safa, da kwarashin nan nawa mai lanƙwasasshen kai. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya rage zare daidai a tsakar hula, sai ta fito kamar buhu. Da la'asar yaran nan sukan tona gurabun dara 30 a inda mahaifinku yake tonawa, kowa ya ɗebi 'ya'ya 12, su da tsakuwa ni da ƙirare. Ka tambaye su wa ke cin wa. Ni da na shiga aji a 1976, shekarar da aka fara UPE, shirin karatun firamare kyauta, na yi shekara 35 ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi, yau ni za a riƙa ƙirga wa ashana?

Ga kyanwata. Ta haihu uku a cikin kwandon ulu, ta ɓata mini shuɗin gaba ɗaya. Na san maiɗakinka ba ta shiri da mage, ban kuma ga laifinta ba. To wa zan bar wa? Kai ka yi karatun hadisi, ka san abin da ya kai wata mata wuta a kan kyanwa.

Amma duk wannan ba shi ke hana ni barci ba. Yayata nake tunawa. Da ƙafarta ta shiga mota lokacin da aka kai ta Kaduna, tana ba da sallahun kajinta. Aka sa ta a bene, ga fanka ga talabijin, ba mai sallama, ba mai zuwa aron turmi. Da na je dubiya, a gabanta ake tambayar 'yar aiki ko ta ci abinci, ita kuwa tana zaune tana kallon bango. Ba ta gane ni ba, Babana. Ni da muka sha nono ɗaya. Can aka binne ta, cikin mutanen da ba su san sunanta na yanka ba. Ni kusa da Malam nake so a sa ni, ka kuma san wannan tun ranar da muka dawo daga rakiyarsa kana riƙe da hannuna.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne ka zauna ka yanke hukunci a kaina ina raye, ko sallama ba ka yi mini ba. Ban haife ka don haka ba. Kai ne babba, in ka karkace duk sai su bi ka.

Na san tsoro ne ya sa ka, ba rashin kunya ba. Tun kana ƙarami haka kake, in na yi tari sai ka tashi zaune. To na yarda da abu biyu: Auta ta riƙa ɗora girkin dare, maganin hawan jini kuma zan sha a gabanta. Sauran ka zo da kanka mu yi, ka hau jirgin ƙasa zuwa Rigasa in hanya ce ke damunka.

Ka auno mini kan kishiyata da zare ka taho da shi, hular bara ta yi mata kaɗan. Ka haɗo da ulu shuɗi ƙulli huɗu. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.