A raba mana taki da leda tun daga gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan shara. Duk lokacin da aka tada zancenta sai a tsaya ga kwashewa, kamar abin da ke bola duk jinsi ɗaya ne, alhali kowane iri da halinsa.

Mu manoman kewayen Kano shaida ne. Tun kaka da kakanni, da rani ake shiga birni da jakuna a ciko mangala da shara a kai gona. Toka ce a ciki, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da ɓawon kayan miya. Kafin damina ta yi nisa sun ruɓe sun bi ƙasa, tokar kuma ta rage mata tsami. Yau idan tifa ta juye maka shara, sai ka tara yara tsintar leda da robar fiya-wata da fasassun kwalabe. Leda ba ta ruɓewa. Rana ce ke gasa ta, ta dagargaje ƙanana, ta zauna a ƙasa shekara da shekaru. Tana naɗe bakin garma, tana tare ruwa. Akuya ta ji gishiri a jikinta ta haɗiye, ta yi ta ramewa tana kumburin ciki. A tambayi mahauta dunƙulen da suke cirowa daga tumbi.

Jiƙaƙƙiyar shara, irin ragowar abinci da ruɓaɓɓen tumatir, galibinta ruwa ne, shi ya sa take da nauyi. Ita ce takin da muke so. Amma idan aka jibge ta babu iska, sai ta riƙa fitar da iskar gas mai kamawa da wuta, baƙin ruwanta kuma ya tsiyaye ya nufi rijiyoyin unguwa, ɗauke da duk gubar da ya tarar a hanya.

Gubar nan ce ta fi tada mini hankali. Batirin mota da na sola dalma ce a ciki da ruwan asid, dogayen ƙwayayen lantarki kuma da makuri, wani ruwan ƙarfe mai guba. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, duk da cewa can daga haƙar zinare ta fito. Ƙona bola ba ya kashe dalma; leda ce kawai ke narkewa, hayaƙinta ya shiga ƙirjin yara.

'Yan gwangwan sun riga sun nuna mana cewa rabawa mai yiwuwa ce: da wuya ka ga ƙarfe ko alminiyam ya kwana a bola, tunda ana auna shi a biya. Roƙona ga hukumar kwashe shara ta Jihar Kano, REMASAB, shi ne ta ware wurin zuba shara mai ruɓewa zalla a kasuwanni irin 'Yankaba, mu zo mu saya. Masu unguwanni kuma su taimaka a riƙa ajiye buhu biyu a gida, ɗaya na leda da roba, ɗaya na abin da ƙasa za ta ci, batir kuwa a miƙa wa masu sayensa.

Na gode.

Naka,
Wani manomi daga Kumbotso, Jihar Kano