Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Dikko Raɗɗa Kan Makarantun Wajen Ganuwa

Mai Girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin firamare ne da alli ya ci wa yatsu, yanzu kuma ina cikin kwamitin al'umma mai kula da makarantar unguwarmu (SBMC), can inda Katsina ke kutsawa cikin Batagarawa har mutum ya ƙetare iyaka bai sani ba.

Yabon gwani ya zama dole. Malamai fiye da 7,000 da aka ɗauka ta hanyar jarrabawa a farkon mulkinka, mun ga wasunsu a aji, kuma suna aiki. Mun ji labarin makarantu na musamman a Raɗɗa da Jikamshi da Dumurkul. Shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata ma ya gyara azuzuwa da banɗakuna a sakandare da dama, abin da ya sa iyaye sakin jiki su bar 'yan mata su ci gaba da karatu.

To amma ranka ya daɗe, gari ya fi makarantunsa sauri. Wanda ya san wajen Barhim da Kwaɗo shekaru 20 baya ya san gonaki ne suka fi yawa. Yau gidaje ne iya ganinka. Ga ma'aikata masu neman fili mai sauƙi, ga 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga Batsari da Jibiya da Safana, kowa da 'ya'yansa. Dillalai su yanka gona fuloti-fuloti, a bar wa masallaci wuri, a manta da makaranta. Ranar da aka tashi ginawa, babu ko inda za a kafa tutar asambuli.

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce ɗalibi 35 ga malami ɗaya a firamare. Ajin da na leƙa a makon jiya, yara sun cika tabarmi har bakin ƙofa, wasu na leƙe ta taga. Malamar, Allah Ya saka mata, kiran suna kawai ya cinye mata rabin darasi. Na ja wani yaro ɗan aji huɗu gefe, na rubuta masa "Baba ya tafi kasuwa". Ya dube ni, ya dubi takardar, ya sunkuyar da kai.

Shi ya sa nake roƙon a sauya ma'aunin nasara. Azuzuwa nawa aka yi wa fenti, wannan lissafin ɗan kwangila ne. Namu na iyaye shi ne: yara nawa ke iya karanta Hausa kafin su bar aji uku? A auna wannan kowane zango, a liƙa sakamakon a bangon ofishin hedimasta, sakataren ilimi ya zo ya yi bayani gaban iyaye. Sannan kada a amince da sabon yankan filaye sai an ware na makaranta da takardarsa a hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Kuɗin gini akwai hanyarsa, tunda dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce jiha ta ajiye rabi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya (UBEC) ta cika rabi, amma kuɗi ba ya haifar da fili.

Garin da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna, shi ne nake maganarsa. Idan za ka zo duba mu, ka zo ba sanarwa, da misalin ƙarfe takwas na safiyar Litinin.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malami, Katsina