Tsohuwar Ubuntu a ɗakunan kwamfuta da giɓin polkit

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mu ja hankalin masu kula da kwamfutocin Linux a makarantu, ofisoshi da wuraren shiga intanet na nan Maradi.

Da yawansu na ganin muddin sun riƙe kalmar sirrin root, wato babban asusu mai cikakken iko a kan kwamfutar, suka raba wa ɗalibai ƙananan asusu, to magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Manhajojin da ke ba ƙaramin asusu ikon yin aikin shugaba, irin su sudo da polkit, sai sun duba wane ne ke nema kafin su aikata, kuma tsakanin dubawa da aikatawa akwai 'yar rata. Tamkar mai gadi ne ya duba takardarka, ya juya zai zare sakata, kafin ya waiwayo wani daban ya shige.

A watan Yunin 2021 Kevin Backhouse na GitHub ya bayyana irin wannan a polkit, mai lamba CVE-2021-3560 a rajistar giɓin tsaro. Mai ƙaramin asusu zai tura buƙata ta dbus, hanyar da manhajoji ke aika wa juna saƙo, da umarnin dbus-send, cewa a buɗe sabon asusu mai ikon shugaba, sai ya kashe buƙatar tana tsakar tafiya. Polkit ta tambayi dbus lambar asusun mai buƙatar, dbus ta ce babu shi. Maimakon ta ƙi, sai ta ɗauki lambar a matsayin 0, wadda ita ce ta root, ta amince. Ratar 'yan milisakan ce, sau da yawa ba a dacewa a karon farko, amma maimaitawa ba ta cin ko dala. Kusan shekara bakwai kuskuren ya yi kwance, tun siga ta 0.113, sai a 0.119 aka toshe shi.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ana sa Ubuntu 20.04, wani nau'in Linux, daga tsohuwar filasha, a bar ta haka saboda tsadar data. Kada lambar siga ta ruɗe ku: umarnin pkexec --version, mai nuna sigar polkit, zai nuna 0.105, ku ce ai kun tsira, alhali an kwaso kuskuren an zuba a cikinta. A buga apt changelog policykit-1, wanda ke nuna jerin gyare-gyaren polkit, a nemi waccan lamba ta CVE. In babu ita a sigar da ke kan na'urar, a yi sudo apt update, sannan sudo apt upgrade. Tallafin kyauta na 20.04 ma ya ƙare a Mayun 2025, gara a koma 24.04.

Sabuntawa ba ta goge asusun da wani ya riga ya buɗe. A buga getent group sudo don ganin asusun da ke da ikon shugaba, duk sunan da ba a san mai shi ba a cire shi, a canza kalmomin sirri. In kuwa an sami irin wannan suna, mu dai shawararmu a sake sa tsarin daga farko.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta,
Maradi, Jamhuriyar Nijar