Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya (NFF), Alhaji Ibrahim Musa Gusau: a tattara tarihin ƙungiyoyinmu tun masu ba da labarin suna raye

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na san teburinka cike yake da maganar Super Eagles da alawus ɗin 'yan wasa da ƙorafin alƙalan wasa. Abin da ya kawo ni ba ya cikin waɗannan, kuma ba irin aikin da ake yi wa shugaba tafi a kansa ba ne. Roƙona shi ne hukumarku ta tashi tsaye ta tattara tarihin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Nijeriya wuri guda, domin yana zubewa a kan idonmu.

Bari in fara daga gidanku. Tambarin hukumarku ya daɗe yana ɗauke da 1945 a matsayin shekarar kafuwa. Amma ɗan jaridar wasanni Kunle Solaja ya tono tsohuwar jaridar Daily Times ta watan Agustan 1933, wadda ta buga sanarwar taron kafa hukumar ƙwallon ƙafa a Legas. Abin da kowa ya yarda an fara a 1945 shi ne Kofin Gwamna, wanda ƙungiyar Marine ta fara ɗauka, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale. Idan uwar ƙungiya ba ta tantance shekarunta ba, ina ga 'ya'yanta?

Ga misali daga Kano. A 1953 tawagar Kano ta doke Dynamos ta Legas da ci 2 da 1, ta zama ta farko da ta fitar da kofin nan daga Legas. Yau ka shiga intanet, za ka tarar an jingina wannan nasara ga Kano Pillars. Alhali Pillars a 1990 aka kafa ta, bayan an haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Wato an ba jika kofin kakansa, an shafe sunan kakan. Su waye mutum goma sha ɗayan da suka yi doguwar tafiya zuwa Legas suka dawo da kofi? Ka tsayar da magoya bayan Sai Masu Gida a bakin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ka tambaye su, da wuya ka sami mai kawo maka suna biyu. Waɗannan yaran kuwa ba mantuwa ce da su ba. Ka zauna a gidan kallon ƙwallo daren Asabar ka ji yadda yaro ɗan shekara goma sha bakwai yake jero maka 'yan wasan Arsenal na 2004, shekarar da ba a ci su a gasar Firimiya ba, tun daga mai tsaron gida har zuwa 'yan benci, alhali lokacin ba a ma haife shi ba. Ya sani ne saboda Turawa sun ajiye nasu, sun ɗauka a bidiyo, suna maimaita masa kullum. Mu ba mu ajiye masa komai ba, sannan mu koma muna cewa yaran zamani ba su da kishin ƙwallon gida.

Labarin kuwa akwai shi, har ya yi yawa. Da aka fara gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara zama zakara, ƙungiyar Alhaji Isyaku Ibrahim, mai su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo. A shekarar ce kuma ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale da Bendel Insurance. Bendel na gaba da ci biyu, 'yan kallo sun fara miƙewa, Sam Garba ya farke duka biyun a mintunan ƙarshe. Aka sake wasan a Ibadan, Bendel ta ci 3 da 2. Mutanen Jos sun sha zuwa wasan ƙarshe suna komawa gida hannu rabbana, har abin ya zama kamar an yi musu baki, kuma ba su rungumi kofin ba sai 1999 ta hannun Plateau United. A wata ƙasar da tuni an yi fim a kan wannan jiran.

Ko kuwa 1978, shekarar da Raccah Rovers ta Kano ta lashe lig. A watan Afrilun shekarar Pele da kansa ya sa rigar Fluminense ta Brazil ya buga da Raccah a Kaduna. Hotonsa sanye da babbar riga da hula yana yawo a Facebook duk lokacin da aka tuna da shi, amma sunayen 'yan Raccah da suka tsaya gabansa a fili ba sa yawo. Shekara guda kafin nan, a Kadunar dai, aka yi wasan da ya kusa tsayar da numfashin ƙasar nan. Rangers ta Enugu da IICC Shooting Stars ta Ibadan sun haɗu a zagayen kusa da na ƙarshe na gasar Afirka ta masu riƙe da kofi, zafin gaba ya yi yawa har aka ɗauke wasa na biyu aka kai shi Arewa. Rangers ta yi nasara a bugun fenariti, ta wuce ta doke Canon ta Yawunde ta ɗauki kofin da IICC ta fara kawo wa Nijeriya a 1976. Wanda ya san cewa a 1970 aka kafa Rangers, yaƙin basasa na ƙarewa, zai gane abin da wannan kofi yake nufi ga mutanen Gabas. Wannan ai tarihin ƙasa ne, ba na tamaula kaɗai ba.

Ranka ya daɗe, kada a ɗauka begen jiya ne kawai ya sa ni wannan rubutu. Wanda ya jera tarihin ƙungiyoyin nan zai ga cuta guda tana kashe su ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau ba a yi maganinta ba. Kowace ƙungiya a wuyan mutum ɗaya ko kamfani ɗaya take rataye.

Dubi Leventis United ta Ibadan. Daga rukuni na uku ta taso, shekara uku a jere tana zama zakara, har ta lashe babbar gasar a 1986. Ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1984 da 1986, ta kai wasan ƙarshe na Afirka a 1985 inda Al Ahly ta Masar ta tsayar da ita. Abokiyar hamayyarta Abiola Babes ta Abeokuta, ta marigayi MKO Abiola, ta ɗauki kofin a 1985 da 1987. Shekara huɗu kofin yana kai-komo tsakanin su biyun. Kakar 1987 na ƙarewa masu su suka ce sun gaji, aka rufe duka biyun. Ba wanda ya tambayi 'yan kallo, domin a takarda ba su da ko sisi a ciki. Stationery Stores, wadda Israel Adebajo ya kafa a 1958, ta fi kowace ƙungiya masoya a Legas, amma rikicin magada ya durƙusar da ita 'yan shekaru bayan ta lashe lig a 1992. New Nigeria Bank ta Benin, wadda Stephen Keshi ya yi wa wasa, ta bi bankinta.

Mu a Arewa abin ya fi ciwo, domin ƙungiyoyinmu tare da masana'antunmu suka mutu. Rashidi Yekini a UNTL ta Kaduna ya fara, ƙungiyar masaƙa. Wanda ya bi ta Kakuri yau ya ga yadda ciyawa ta cinye masaƙun nan ba sai an gaya masa inda ƙungiyar ta tafi ba. DIC Bees ta kamfanin ƙera makamai ce, ta koma Ranchers Bees a hannun Alhaji Mukhtar Aruwa, ta kai wasan ƙarshe na Afirka a 1988, ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma a 1989 da wani yaro mai suna Daniel Amokachi, daga nan ta yi ta dusashewa. BCC Lions ta Gboko ita ce ta dawo wa tsohuwar jihar Arewa da Kofin Ƙalubale a 1989, bayan shekara 36 rabonta da shi, ƙarƙashin Shuaibu Amodu. A 1990 ta doke Club Africain ta Tunisiya ta ɗauki kofin Afirka, a 1994 ta haɗa lig da kofi. Kamfanin simintin Binuwai, mai ƙungiyar, ya shiga halin ni-'yasu, zakin ya kwanta.

Da kamfanoni suka janye, sai gwamnoni suka gaje. Ba zan ce ba a ci riba ba. Enyimba ta Aba ta kawo kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004 da kuɗin gwamnatin Abiya. Pillars ta lashe lig a 2008, ta jera uku daga 2012 zuwa 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly mai riƙe da kambu bayan kunnen doki 2 da 2 a Alƙahira. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, Wikki Tourists ta Bauchi, Niger Tornadoes ta Minna da Kaduna United duk sun taɓa ɗaga Kofin Ƙalubale. Amma igiyar dai ita ce, wuyan kawai aka canza. Gwamna mai son ƙwallo ya zo a sha daɗi, wanda ba ya so ya zo albashi ya maƙale, sabuwar gwamnati ta rushe shugabannin ƙungiya ta naɗa nata, su kuma masu tafiya su tafi da fayil-fayil a bayan mota. Ta nan ne takardu suke salwanta. Pillars ɗin da ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015, ita ce ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022. Duk mai son a mayar da ƙungiyoyi hannun masu zuba jari da magoya baya, to hujjarsa tana cikin wannan tarihi, in an rubuta shi.

A rubuta har da abin kunya. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa rukuni, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, duniya ta yi mana dariya. Hukumarku ta yanke hukunci a lokacin. Rahoton binciken ya kamata ya kasance inda ɗalibi zai iya karantawa.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne mutuwa ba ta jira. Yekini ya tafi a 2012. Keshi da Amodu sun tafi a mako guda cikin Yunin 2016. Ismaila Mabo ya rasu a 2023, Christian Chukwu na Rangers da Peter Rufai na Stores a 2025. Waɗannan ma sanannu ke nan, an yi hira da su. Akwai ɗaruruwa da ba wanda ya taɓa kai wa makirufo. Na taɓa zama a zauren wani dattijo da ya buga wa wata ƙungiyar kamfani baya a shekarun 1970. Ya sa jikansa ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai katin rajistarsa na ɗan wasa, da lambar girma da ta yi tsatsa, da hotuna baƙi da fari da damina ta manne su da juna, gara ta cinye gefe. Ya ɗora yatsa a kan hoton tawaga yana kiran sunaye, na tsaye da na durƙushe, yana cewa wannan ya rasu, wannan yana Sabon Gari ba ya gani, wannan ya koma Ghana. Ba a rubuta komai a bayan hoton ba. Ranar da ya rufe ido, hoton ya zama na mutanen da ba wanda ya san su.

Aikin ba ya buƙatar biliyoyi. A ɗauki ma'aikata biyu ko uku masu ilimin adana tarihi, a ba su na'urar ɗaukar hoton takardu da kyamara, a haɗa su da sassan tarihi na jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero da Ibadan da Nsukka. Su shiga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Ibadan da Enugu, da Gidan Arewa, su bi shafukan wasanni na Daily Times da New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Standard ta Jos da Triumph ta Kano. A rubuta wa NTA da Rediyon Nijeriya a ga abin da ya rage na faya-fayan wasanni da sharhin su Ernest Okonkwo, a juye shi kafin ya lalace. A umarci hukumar ƙwallo ta kowace jiha ta kawo sunayen tsofaffin 'yan wasa da koci-koci da alƙalai da shugabannin magoya baya da ke raye, a fara da waɗanda suka fi tsufa. Kuma don Allah a bar kowa ya yi magana da harshen da yake mafarki da shi, Hausa ko Yarabanci ko Ibo ko Tibi ko Turancin buroka. Dattijon da aka tilasta wa Turanci rabin labarinsa zai bayar.

Abu biyu kuma suna hannunka kai tsaye, ba sai an nemi kasafi ba. Na farko, a sa cikin sharuɗɗan ba ƙungiya lasisi cewa duk ƙarshen kaka ta miƙa jerin 'yan wasanta da sakamakon wasanninta da waɗanda suka ci ƙwallo da hoton tawaga mai sunaye, kwafi ɗaya ya zauna a Abuja inda canjin gwamnati a jiha ba zai taɓa shi ba. Na biyu, a bar wa kofin nan suna guda. Ya tashi daga Kofin Ƙalubale ya zama na Coca-Cola, ya zama Federation Cup a 2009, ya zama na Aiteo a 2017, yanzu kuma an liƙa masa sunan Shugaban Ƙasa. Mai ɗaukar nauyi ya sa sunansa a gefe, ba laifi, amma gasar da ta haura shekara 80 bai kamata uba da ɗa su kasa gane cewa kofi ɗaya suke magana a kai ba.

Abin da aka tara a ɗora shi a intanet kyauta, a kuma ware ɗaki ɗaya a ginin da ke ɗauke da sunan Sunday Dankaro, tsohon shugaban hukumar, a filin wasa na ƙasa da ke Abuja, inda iyalan tsofaffin 'yan wasa za su kawo riguna da hotuna a karɓa a ba su rasit. Ina roƙon ka gabatar da wannan a zaman kwamitin zartarwa na gaba, ka sa wa hirarrakin farko wa'adin wata shida.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka,
Wani mai bin ƙwallon gida, daga Kano