Yaranmu na Legas su koyi zanen jirgin ruwa a kwamfuta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni kafinta ne a Agege, ina kuma sassaƙa ƙananan jiragen ruwa na ado, irin waɗanda ke tsayawa a Apapa. Wahalar aikin duk tana wajen lanƙwasar cikin jirgi. Da ido kaɗai, sai gefe ɗaya ya fi ɗaya kumburi. Manhajar zanen jirgin ruwa a kwamfuta mai suna DELFTship tana da nau'in kyauta da ke fitar da layukan lanƙwasar nan daidai, ka buga a takarda, ka manna a katako, ka yanka. FreeCAD, wata manhajar zane, ita ma kyauta ce. Gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Ingila ya ɗora tsofaffin zane-zanen jirage a intanet.

Don Allah makarantun koyon sana'a su koya wa yaranmu wannan.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas.