Zuwa Ga Nasiru: Ɗaura Takalminka Ka Leƙa Unguwar Indiyawa

Argungu, Jihar Kebbi.

Aminina Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya kuma baƙunta? Mu nan sai godiya. An shiga yankan shinkafa a fadama, sanyi ya fara leƙowa da asuba, Inna kuwa kullum sai ta tambaye ni ko cikinka ya karɓi abincin mutanen can.

Saƙonka ya iso, na sha dariya har da hawaye. Wata 3 a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, daga ɗaki sai aji sai masallaci, wai don aljihu ba nauyi! Haba mutumina, yaushe aka fara biyan kuɗin kallon kasuwa? Ni yawon da ya fi zauna mini a rai cikin shekara 2 da na yi a can, da ringgit 15 na kuɗinsu na yi shi, a wata Asabar da kuɗin da ake turo mini daga gida suka maƙale a hanya.

Daga Gombak, inda nake zaune a lokacin, na hau jirgin ƙasa na sauka a babbar tashar KL Sentral, na fita ta baya na tsallaka titi. Shi ke nan ka shiga Brickfields, unguwar Indiyawa. Hancinka ne zai riga idonka sani: turaren tsinke, ƙamshin fure, albasa a cikin mai. Babban titin sunansa Jalan Tun Sambanthan, shagunan sari, wato zanen matan Indiya, da na gwal a jere, kowane shago da irin kiɗan da yake saki kamar ana gasa.

Ka san halinmu. Mun tashi muna kwasar finafinan Indiya a gidan kallo har muka ɗauka mun iya yaren. Na tarar da wata tsohuwa zaune a kan ɗan benci tana ɗaure fararen furanni a zare, yatsunta na gudu kamar na mai saƙar hula, ko kallon hannun ba ta yi. Sai na gyara murya na sakar mata gaisuwar nan da muka haddace. Ta dube ni ta saman tabarau, ta amsa da harshen Malay, ta ci gaba da aikinta. Wani saurayi da ke gefenta ne ya cece ni. Ya ce yawancin Indiyawan Malesiya Tamilawa ne, 'yan kudancin Indiya, harshensu daban da Hindi, rubutunsu ma daban, taurarin fim ɗinsu ma daban. Gaisuwarsu “vanakkam”. Da na faɗa, sai tsohuwar ta yi murmushi ta tsinko fure ɗaya ta miƙo mini. Ashe duk Indiyancin da muke taƙama da shi a majalisa, na ɓangare guda ne. Kwatanta wani ya je Ibadan yana ta zuba “sannu da aiki”.

Turawan Ingila ne suka kwaso kakanninsu, wasu zuwa gonakin roba, wasu aikin layin dogo, kuma ma'aikatan jirgin ƙasa da yawa a nan unguwar aka zaunar da su. Sunan Brickfields kuwa daga bulo ya samo asali, ma'anarsa filayen bulo. A 1881 gobara da ambaliya suka ci garin, lokacin gidajen na katako ne da jinka, sai aka koma gini da jan bulo, shugaban Sinawan garin Yap Ah Loy ya kafa wurin gasa bulo a wannan fili. A 2010 ne aka ƙawata titin aka yi bikin ƙaddamar da shi a matsayin ƙaramar Indiya, har Firaministan Indiya na lokacin, Manmohan Singh, ya halarta. Ƙawar ba ta burge ni sosai ba, fenti ne da ginshiƙai. Lungunan baya su ne wurin zuwa.

Yanzu ga maganar ciki, wadda na san ita kake jira. Saboda shakkun yanka, na nemi gidan abincin da ba sa dafa nama sam, suna da yawa a wurin. Aka shimfiɗa mini ganyen ayaba a kan tebur, ba kwano ba cokali. Wani ya zo ya zuba shinkafa, wani ya biyo da bokitai yana ɗiga miya kala uku a gefe. Da hannu ake ci, hannun dama, kamar a tsakar gidanmu. Ina cikin ci sai na ci karo da wani ɗan sanda-sanda kore a cikin miyar. Na tauna, ya ƙi taunuwa. Na saci kallon maƙwabcina, na ga yana zuƙe cikin da haƙori yana ajiye ɓawon. Nasiru, ɗan zogale ne! Wanda muke bari ya bushe a kan bishiya muna tsinkar ganye kawai don kwaɗo, su shi ne abin marmari. Suna ce masa murungai. Akwai kuma wani romo mai tsamiya da masoro da ake kira rasam, in mura ta kama ka nemi shi.

Abin da ya dace da mai ƙaramin ƙarfi: in shinkafa ta ƙare ana ƙara maka ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sau biyu na ɗaga kai, sau biyu aka zuba. In ka gama, ka naɗe ganyen ya fuskanto ka, alamar ka gode ke nan. Ni na naɗe shi ya kalli gaba, sai da mai zuba miyar ya gyara mini yana dariya.

In ma kuɗin bai kai na shinkafa ba, ka ce a ba ka tosai. Sinasir ne sak, ƙullun shinkafa da wani baƙin wake a bar shi ya kwana ya yi tsami. Vadai kuma ɗan'uwan ƙosai ne mai huda a tsakiya. Mutumin Kabi ba zai yi baƙunta a gaban shinkafa ba.

Bayan na ƙoshi na ci gaba da takawa. Na tsaya daga waje na kalli wurin bautar Hindu na Sri Kandaswamy da ke Jalan Scott, takalma jibge a ƙofa. Gaba kaɗan ga na mabiya Buddha wanda mutanen Siri Lanka suka kafa tun 1894, ga coci-coci, ga masallacin Indiyawa Musulmi inda na yi Azahar. Za ka lura da makafi da yawa suna tafiya su kaɗai da farar sanda, domin cibiyar ƙungiyarsu a unguwar take, an kuma shimfiɗa musu dabe mai ƙuraje a gefen titi da suke bi da ƙafa. Na daɗe tsaye ina kallon wannan, ina tuna namu da sai yaro ya bar makaranta ya yi musu jagora.

Wajen La'asar hadari ya haɗo, ka san ruwan garin ba ya sallama. Na fake a barandar shaguna na sha shayin nan da ake ja daga kofi zuwa kofi, teh tarik, na sayi lalle na ƙunshi guda biyu wa Hauwa, na ƙirga canjina na ga daidai kuɗin komawa Gombak ne.

Farashi ya tashi tun bayan dawowata, don haka ka riƙe ɗan abin da ya fi nawa. Ka fita da safe kafin rana ta yi zafi, ka tafi da gorar ruwa da lema. Kada ka taya abin da ba za ka saya ba, masu shagunan sari sun fi 'yan koli naci.

In ka je, don Allah ka saya mini garin rasam ƙulli biyu ka ajiye har a samu mai zuwa. Inna da Hauwa suna gaishe ka, 'yan majalisa ma haka. Ka rubuto ka faɗa mini yadda kuka ƙare da zogalen.

Naka,
Bashiru